Hannun Roba: Wa Zai Biya Kuɗinsa?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne da ba a kan yi zancensa ba sai ya auku. Mutum ya kan rasa hannu ta hanyar injin niƙa, ko hatsarin mota, ko kuwa mai ɗori ya ɗaure karaya da ƙarfi har jini ya daina gudu, hannun ya ruɓe, likita ya yanke. Bayan rauni ya warke sai a soma tambayar wanda zai biya kuɗin hannun roba. Sau da yawa a lokacin nan an rigaya an makara, gama maganar takardu tana da kwanakinta.

Ƙofa biyu ce, kuma wajibi ne a san wadda za a buga. Ta fari domin wanda ya ji rauni a bakin aikin albashi ce. A shekara ta 2010 aka kafa dokar diyyar ma'aikata a Nijeriya, aka sa ta a hannun hukumar NSITF. Mai ba da aiki shi ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko kwabo daga na ma'aikaci. Dokar ta ba hukumar ikon biyan jiyya da kayan taimako, har da gaɓoɓin roba. Amma ku lura da kwanakin nan da kyau. Ma'aikaci, ko wani nasa, zai sanar da mai ba shi aiki cikin kwana 14. Mai ba da aiki kuma zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyya kansa, cikin shekara 1 a ke yinsa.

Kwana 14 fa! A kwanakin nan mutumin yana kwance a gado, matarsa tana jiyya, dangi suna neman jini da kuɗin magani. Wa ke tunanin wasiƙa? Nan ne ku da kun iya karatu da rubutu ku ke da aiki. In kun je gaisuwa, ku tafi da alkalami. Ku rubuta sunansa, da rana, da sa'a, da wurin da abin ya faru, da yadda ya faru. Ku yi guda biyu, ku miƙa ɗaya, a sa hannu a kan ɗayar ku ajiye. Lemo da ayaba suna da kyau, amma a ganina takardar nan ta fi su amfani nesa.

Ƙofa ta biyu ita ce inshorar lafiya, watau asusun da mutane da yawa su ke zuba kuɗi kaɗan kaɗan domin a yi jiyyar wanda ciwo ya kama a cikinsu. Shirin NHIS ya soma aiki a 2005, a 2022 kuwa sabuwar doka ta mai da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Jihohi suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, inda manomi ko ɗan kasuwa zai iya shiga. Ƙa'idodin NHIS sun sa gaɓoɓin roba cikin abin da a ke biya wa ma'aikata, amma da sharaɗi: sai waɗanda aka ƙera a Nijeriya.

Sharaɗin nan yana da nauyi, domin hannun roba iri uku ne. Akwai na ado, mai kama da hannu amma ba ya motsi. Akwai mai igiya da ƙugiya, wanda mutum ke buɗewa da rufewa ta motsin kafaɗa. Ba shi da kyaun gani, amma yana riƙe abu, yana jure ƙura da gumi, gyaransa kuma da sauƙi. Na uku shi ne mai lantarki, wanda ke jin motsin tsokar dungu ya motsa yatsu. Daga ƙasashen waje a kan kawo shi, yana da tsada ƙwarai, yana kuma bukatar caji. Kada mutum ya kafa zuciyarsa a kan wannan tun bai karanta abin da shirinsa ya yarda zai biya ba, gama shiri ya bambanta da shiri.

Kada kuma ya tafi ya sayi hannu da kansa ya dawo da rasit yana neman a mayar masa. Hanya ita ce ta soma daga asibitin da ya yi rajista. Likitan can zai rubuta takardar turawa, kamfanin HMO ko hukumar jiha ta ba da lambar izini, sa'an nan a tafi wurin masu ƙera gaɓoɓi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Ku roƙi likita ya rubuta dalili filla filla. In ya ce kawai mutumin yana bukatar hannun roba, mai karantawa a ofis zai iya ɗaukarsa abin ado ne. In ya rubuta inda aka yanke, ko ƙasa da gwiwar hannu ko sama, da sana'ar mutumin, da abin da ba ya iya yi yanzu, ƙin yarda zai yi wuya. In an ƙi duk da haka, ku nemi dalili a rubuce, ku kai kuka ofishin NHIA na jiharku.

Saura abu ɗaya da a kan manta. Dungu ya kan motse cikin watannin fari bayan yanka, har kuben da ya ke shiga ya yi masa yawa ya soma gurje fata. Yaro kuwa yana girma, hannun bana ba zai shige shi baɗi ko baɗin baɗaɗa ba. Saboda haka tun ranar da a ke ba da izinin hannu na fari, ku tambaya wa zai biya gyara da sauyin kube, sau nawa kuma, a rubuta muku amsar a kan takarda.