Ciwon Gwiwa: Yaya Ake Gane Inda Ya Kai?

Jama'a, a garuruwanmu na Karaye da Rogo, har da Yola, da wuya a shiga masallaci ba a ga dattijon da ke salla a zaune, ƙafa a miƙe ba. In an tambaya sai ya ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwan gwiwa ne ke zaizayewa. Shekaru, ƙiba, tsohuwar buguwa, tsuguno da ɗaukar kaya mai nauyi duk suna gaggauta abin, kuma ya fi kama mata.

To, yaya likita ke gane tsananinsa?

Da farko tambaya yake yi, kuma a nan rabin aikin yake. Kana iya sujada da zaman tahiya? Kana iya tsugunawa a masai ka miƙe ba tare da dafa bango ba? Kana kai gona da ƙafa? Ciwon yana tashinka cikin dare? A irin wannan cuta, sandarewar gwiwa da safe ba ta cika wuce minti 30 ba. Kada ka yi wa likita jarumta, ka ce "da sauƙi" alhali rabonka da kasuwa wata da watanni. Sai ya ɗora hannu a kan gwiwar, ya lanƙwasa ta, ya ji ko tana gurzawa, ya duba ko ta tara ruwa ko ƙafar ta fara gantsarewa kamar baka.

Sa'an nan hoton ƙashi, wanda ya fi kyau a ɗauka mutum yana tsaye. Tun 1957 likitoci biyu a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara matakai daga 0 zuwa 4. A mataki na 2 ƙashi ya fara tsiro a gefe. A na 3 tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta tsuke. A na 4 kusan ƙashi ke gugar ƙashi.

Amma fa a kula, hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Wani hotonsa ya nuna mataki na 3 yana noma abinsa, wani na 2 ne amma barci ya gagare shi. Mutum ake yi wa magani, ba takardar hoto ba.

Masu matakin farko sukan samu sauƙi da rage ƙiba, motsa cinya a sashen gashin ƙashi na asibiti, da riƙe sanda. Wanda abin ya ci tura, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A guji ɗirkar diclofenac daga kemis kullum, domin yana illa ga ciki da ƙoda. Sakiya da tsaga ba sa maido da guringuntsi.

Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, wannan wata cuta ce daban. Don Allah a kai mai ita asibiti a ranar, kada a kwana.