Yadda Ake Sabunta Tsofaffin Kayan Ƙarfe na Gida da Fentin Feshi

A tsofaffin gidajen Fagge da benayen haya na Sabon Gari, da wuya ka shiga ka rasa wani ƙarfe da ya kwana biyu: gado mai rumfa na zamanin auren iyayenmu, ƙarafan taga, fankar sama, sandar labule, kujerar zaure, ko akwatin ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin gado. Da zarar fenti ya koɗe, tsatsa ta fara ci, sai ka ga an kira 'yan gwangwan sun ɗora a sikeli sun biya kuɗin kilo. Abin yana yi mini ciwo, domin yawancin ƙarfen nan ya fi na yanzu kauri da nauyi. Da tsohuwar zuma ake magani. Da gwangwanin fenti biyu ko uku da aikin yini guda, kayan za su koma abin sha'awa.

Shi wannan fenti dama don irin aikin nan aka ƙirƙiro shi. A 1949 wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour, a jihar Illinois, ya fara zuba fenti a gwangwanin feshi, launinsa na farko kuwa ruwan azurfa ne, na shafa wa ƙarafan ɗumama ɗaki.

Kayan da za a tanada

Duk ana samunsu a Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi ta Sabon Gari da shagunan kayan gini na titin France Road. A sayi fentin feshi, wanda yawanci yake zuwa a gwangwani mai mililita 400, da jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, wanda masu walda ke fara shafa wa sabuwar ƙofa. A haɗa da burushin ƙarfe, sanfefa mai kaushi mai lamba 80 ko 120, da mai laushi mai lamba 240, sai tina, salatif na takarda, tsumma, takunkumi da safar hannu. Tsofaffin jaridu da kwali kuwa ba a rasa su a gida. Kafin a biya, a girgiza gwangwanin a ji ƙarar 'yar ƙwallon da ke ciki. Idan shiru ne, fentin ya daskare, a canza wani.

Mataki na 1: zaɓen rana da wuri

Iskar Kano tana da ruwa da tsaki a wannan aiki. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, fentin zai kwashe ta ya bushe da ita kamar an barbaɗa rairayi. Tsakar ranar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fentin yana bushewa tun a iska kafin ya sauka, ƙarfen ya fito da kaushi. Ranar da hadari ya haɗu kuma, laima tana dusashe ƙyallinsa. Lokacin da ya fi shi ne hantsi, a inuwa, a tsakar gida ko kan bene inda iska ke wucewa a hankali. Kada a yi a rufaffen ɗaki, kada a yi kusa da murhu, risho ko janareta, domin abin da ke fita daga gwangwanin yana kama wuta.

Mataki na 2: kwancewa

Duk abin da zai kwantu, a kwance shi. A zuba kusoshi da notuna a gwangwanin madara don kada su ɓace. Idan fanka ce ko fitilar bango, a kashe wuta daga babban makunni ko da an ɗauke ta, don tana iya dawowa hannu yana kan waya. A cire fukafukan fanka a ajiye su a shimfiɗe don kada su lanƙwashe, a toshe ramukan injin da salatif. Abin da ba ya ciruwa, kamar ƙarafan taga, sai a rufe gilashi da bango da jarida.

Mataki na 3: kankara da wanki

Nan ne aikin yake. Feshin kansa na mintuna ne, kyansa da daɗewarsa duk suna hannun mai kankara. A bi da burushin ƙarfe a tayar da tsatsa da ɓawon tsohon fenti, musamman a gaɓoɓin walda da ƙafafun gado inda ruwan wanke ɗaki ke taɓawa. A bi da sanfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har tafin hannu ya daina jin tudu. Inda tsohon fenti ya kama da kyau ba sai an cire shi ba, a dai goge ƙyallinsa don sabon ya sami wurin riƙewa. Idan tsatsa ta huda ƙarfen, a kai wa mai walda ya like tukuna.

A yayyafa ruwa yayin gugar, domin tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, a ƙauyukan haƙar zinariya, ya san ba abin wasa ba ce. A nisantar da yara da masu juna biyu, a tattara dattin a ɗaure a leda. Daga nan a wanke ƙarfen da ruwan omo don cire maiƙo da hayaƙin girki, a ɗauraye, a shanya ya bushe ƙarau, a goge da tsumma mai ɗan tina.

Mataki na 4: fentin ƙasa

A shafa jan fentin siriri a duk inda ƙarfe ya fito tsirara, a bar shi ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa. Wanda ya tsallake wannan don tsimin kuɗi, damina ɗaya ta isa ta dawo masa da tsatsar.

Mataki na 5: feshi

A girgiza gwangwanin na minti 2. A fara gwadawa a kan kwali, sannan a wani lungu na ƙarfen da ido ba ya kaiwa, don wani tsohon fentin yana yamutsewa idan sabo ya hau shi. A riƙe gwangwanin a tsaye, nisan kamar taƙi guda, wato santimita 20 zuwa 30. A fara danna kan tun kafin a iso ƙarfen, a wuce da hannu a miƙe, a saki bayan an wuce shi. Shafin farko ya zama kamar hazo, ana hango na ƙasa. A dakata minti 10 zuwa 15, a sake, har sau uku. Mai son gamawa a shafi ɗaya shi ne fentinsa ke zubar da hawaye. In hakan ta faru, a bari ya bushe, a goge da sanfefa mai laushi, a sake fesawa. Da an gama, a kifa gwangwanin a danna har iska zalla ta fito, don kada bakin ya toshe.

Mataki na 6: bushewa da mayarwa

A ba shi awa 24 kafin a ɗaura, a kuma yi kaffa-kaffa da shi mako guda kafin ya gama tauri. Gwangwanin da ya ƙare kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa, domin yana fashewa.

Inda fentin gwangwani bai dace ba

Babban get ɗin gida zai cinye gwangwani da yawa, gara a kira mai injin feshi. Abin da ke ɗaukar zafi yana da nasa fentin daban. Mariƙin tagulla kuwa lemon tsami da toka sun ishe shi. Kwano da duk abin cin abinci, kada fenti ya kusance su.

An ce araha ba ta ado, amma wannan arahar haƙuri ne ke biyan cikon kuɗinta. Kafin Sallar bana, a jawo tsohon gadon Hajiyar gida daga ɗakin shirgi, a kankare ƙafa ɗaya a gani. Idan farin ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashin tsatsar, to jikokinta ma za su kwanta a kai.