DARASI: WACE UWAR MANHAJA TA DACE DA KWAMFUTAR FALKE?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi masu son ajiye kwamfuta a gida don lissafin shanu, musamman mutanenmu na unguwar Briqueterie a nan Yawunde. Harka ta yi yawa yanzu. Shanu su taso daga Ngaundere, a sauke su a karar Etoudi, mahauta su ɗauka bashi, ga la'adar dillali, ga kuɗin mota, ga abokin ciniki a Mubi yana jira da lissafin naira. Littafi ɗaya ba ya ɗauke wannan duka.

Mece ce uwar manhaja?

Ita ce babbar manhajar da ke tashi da zarar ka kunna kwamfuta, kuma a kanta sauran ke aiki. Ka ɗauke ta kamar makiyayi: garke naka ne, amma shi ke kora, shi ke tsaro. Guda uku suka fi shahara: Windows ta kamfanin Microsoft, macOS ta kamfanin Apple, sai Linux.

Na farko: Windows

Ita aka fi sani, kuma kusan kowane mai gyara ya iya ta. Excel, wadda ake jera lissafi a cikinta, a nan ta fi zama daram. Amma fa a kula. Kowace Windows tana da wa'adi, in ya cika kamfanin ya daina aiko mata da gyaran tsaro. Na Windows 7 ya cika a Janairun 2020, na Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi lafiya lau, sai dai ta zama shinge mai ɓaraka. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, aka ce sai an biya fansa. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su da gyaran tsaron da Microsoft ta fitar tun watan Maris na shekarar. To, falken da sunayen masu bashinsa duka suna ciki fa?

Saboda haka mai son Windows ya nemi Windows 11, wadda ta fito a 2021. Ita kuwa ba ta hawa kowace na'ura.

Duba haƙori

Ba wanda zai sayi sa bai buɗe bakinsa ba. Haka za ka yi in ka je shagunan Avenue Kennedy sayen kwamfuta ta hannu:

1. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver. Nan take za ta faɗa maka wace Windows ce a ciki.

2. Dubi lambar ƙwaƙwalwarta. In an rubuta i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na takwas, kuma daga nan ne zuwa sama Windows 11 ke karɓa. In ka ga i5-6300U, ta tsufa, ko da jikinta na ƙyalli.

3. Mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke bukata shi ne RAM giga 4 da ma'aji giga 64. In da hali ka nemi RAM giga 8.

Wani mai shago zai ce maka, "Alhaji, ai sai mu cusa mata ta ƙarfi." Ana yi, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin gyaran tsaro ga irin wannan ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyu: Linux

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma kyauta ce, ba kuɗin lasisi. Tana da iri-iri. Masu sauƙi ga sabon shiga su ne Ubuntu da Linux Mint. Amfaninta babba shi ne tana tayar da tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, kuma gyaran tsaro na zuwa. Akwai LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Excel, kuma WhatsApp na aiki ta intanet. Ana ma iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba. Matsalarta: Excel kanta ba ta hawa kai tsaye, kuma masu gyaran da suka san ta ba su kai na Windows yawa ba. In ba ka da yaro ko maƙwabci da ya iya ta, yi tunani tukuna.

Na uku: macOS

Tana da kyau da ƙarko, amma sai a na'urar Apple, ga tsada, ga wuyar kayan gyara. Lissafin shanu bai bukaci wannan ɗawainiya ba.

Hukunci

Mai sayen sabuwa, ko ta hannu mai ƙuruciya, ya ɗauki Windows 11 ta asali. Mai tsohuwa a gida, kuma da wanda zai koya masa, ya sa mata Linux Mint. Kada kowa ya ɗora lissafin dukiyarsa a kan Windows 7 yana shiga intanet da ita.

Ƙarin shawara

Ka fi son ta tafi-da-gidanka mai batir, saboda ɗaukewar wuta. Ka lura da allon rubutu, don na Faransanci da AZERTY yake farawa, na Turanci da QWERTY. Ka zaɓi wanda magatakardanka ya saba da shi. A jadawalin lissafi ka ware gurbi na canjin ranar, domin sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, naira kuwa hawa da sauka take yi. Sannan kowace Juma'a ka kwafe lissafinka a filashi, ka ajiye shi wani ɗaki dabam. Littafin takarda ma kada a yar da shi.

Aikin gida: kowa ya duba winver a kwamfutarsa, ya zo mana da amsa a taro mai zuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai dukiyarmu lafiya, amin.