Gishirin Elisha da Ruwan Famfonmu

Mu duba 2 Sarakuna 2:19-22. Da mutanen Yariko suka kawo kukan mugun ruwa, Annabi Elisha ya tafi har bakin maɓuɓɓuga ya zuba gishiri. Tamu maɓuɓɓugar ita ce matatun ruwan Kaduna, irin ta Malali: a ɗebo ruwan kogi, alif ya kwantar da laka, yashi ya tace, kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Gyaransu wajibi ne ga gwamnati. A 2015 Paparoma Fransis ya koyar cewa ruwan sha haƙƙin kowa ne. Sai dai a Tudun Wada bututu kan bi cikin kwata, in aka ɗauke ruwa fasasshen ya zuƙi ƙazanta. Mu ƙirga fasassun, mu kai wa hukumar ruwa.