Shukar Da Za Ta Rufe Ƙasa A Tsakar Gida

Wata mai sauraro daga Zariya ta tambayi shukar da za ta rufe mata ƙasa ba tare da ta bushe da rani ba. Hajiya, lalle za ki dasa, domin yana jure fari da zafin bazara, kuma reshensa kawai za ki kafa a watan Yuni ya kama. Wasu za su ce ai lalle tsawo yake yi. Gaskiya ne, amma in ana datse kansa tun yana ƙarami, gefe yake bazuwa ya yi duhu. Shukar lantana ta fi shi fure, sai dai ganyenta guba ne ga awaki da tumaki, ga shi gidajenmu ba sa rabuwa da kiwo. Ki riƙa ba lallen ruwa a ranin farko har saiwarsa ta yi ƙarfi.