Nas Mai Son Shiga Sojan Ruwa: A Koyi Iyo Tun Daga Gida

Matashin Kara, ko Gwarzo, ko Kabo, da ya kammala karatun jinya, kuma yake sha'awar kakin sojan ruwa, yakan tattara hankalinsa kan takardu: rajistar hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, shaidar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma. Duk wannan daidai ne. Abin da ake mantawa shi ne iyo, kuma ni a ganina shi ya fi cancanta a ba shi watanni. Horon sababbin shiga ana yinsa ne a Onne da ke Jihar Ribas, kuma shiga ruwa na cikin horon. Wanda bai taɓa sakin jiki a ruwa mai zurfi ba zai haɗa wahalar atisaye da tsoro, alhali tsoro ne kan sa mutum ya dinga fafutuka har ƙarfinsa ya ƙare.

Wani zai ce ai nas a asibiti yake aiki. Gaskiya ne rundunar na da manyan asibitoci a Ojo ta Legas da kuma Kalaba, kuma da yawa a can za su zauna. Amma soja ba ya zaɓar inda za a tura shi. Ana iya kai shi jirgin da ke sintiri a Mashigin Tekun Gini, ko Baga a bakin Tafkin Chadi, inda ake zirga-zirga da ƙananan jirage. A irin wannan wuri, idan aka tsamo wanda ya nutse, nas ake kira ya farfaɗo da numfashinsa, wataƙila ma a cikin jirgi mai tangaɗi, shi kansa yana fama da jiri da amai. Wanda zuciyarsa ke kan tsoron faɗawa ruwa ba zai nutsu da mara lafiya ba. Wani kuma zai ce ai za a koya masa a can. Za a koya, amma koyo a tsanake daban, koyo cikin gajiya da ƙarancin lokaci daban.

Sai dai ina gargaɗi da babbar murya: kada a je madatsar Guzuguzu ko ta Challawa da sunan gwaji. Ruwan madatsa yana da ramuka da laka mai riƙe ƙafa, ga cutar tsargiya da ke shiga ta fata. Jama'ar wannan yanki ba su manta da kifewar jirgi a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa ɗaliban Islamiyya da dama. A nemi wurin ninƙaya na gini a cikin Kano, mai malami da mai ceto. A fara da sarrafa numfashi, sai kwanciya rigingine a kan ruwa, sai tsayawa wuri guda ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Saurin iyo shi ne na ƙarshe. Daga baya a gwada da tufafi a jiki da rigar kariya, domin hatsari ba ya jiran a tuɓe. Mata kuwa, akwai kayan iyo masu rufe jiki, kuma ana iya neman mace mai koyarwa.

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku sun nuna wannan buri, ku sa kuɗin koyon iyo cikin lissafi tun kafin a buɗe ɗaukar sababbi.