Fijo 504: Ta Wace Shekara Za Ka Saya?

Duk wanda ya yi niyyar sayen tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, tambayar farko da yake kai wa bakanike ita ce ta wace shekara ta fi. Amsar kuwa ba ta zuwa iri ɗaya. Dattawan kanikawa na rumfunan Kawo a Kaduna za su ce maka ta farko, mai giya a jikin sitiyari, ita ce mota. Direbobin tasha za su ce ka nemi ta ƙarshe, tunda ita ce ba ta gaji ba. Dillali kuma, wadda ke hannunsa a ranar ita ce ta fi. Ni ina da zaɓina, amma kafin in faɗa, akwai buƙatar a san inda tambayar take da amfani da inda ba ta da shi.

Irin wannan musu ya fi ƙarfi a Amurka, wurin masu son motar tsere ta Chevrolet Corvette, wadda aka fara ƙerawa a 1953. A can shekara tana da ma'ana sosai, domin kamfanoninsu kusan kowace shekara sai sun sauya wani abu. Corvette ta 1963 ita kaɗai ce aka raba gilashinta na baya gida biyu. Masu tuƙi suka yi ƙorafin ba sa ganin baya da kyau, aka cire rabon a 1964, yau kuma ta 1963 ɗin ce ake rububi. Ta 1967 akwai mai ƙarfin doki 435, amma zuwa 1975, bayan dokokin rage hayaƙi da sauyin yadda ake auna ƙarfi, ƙaramin injinta doki 165 yake bayarwa. Saboda haka Ba'amurke in ya ji shekara, ya riga ya san rabin motar.

A nan ba haka ba ne. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma siffarta ba ta sauya sosai ba har ta bar kasuwa. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri, a tsallaken kogin Kaduna, wadda Janar Yakubu Gowon ya buɗe a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Mota ɗaya kenan ta shafe kusan shekara talatin tana fitowa daga garin nan. A tsawon wannan lokaci kanikawanmu sun yi ta musanya kaya tsakanin tsohuwa da sabuwa: injin wannan a jikin waccan, giyabos na 505 a cikin 504, ƙofar ta 1990 a jikin ta 1978. Da wuya ka samu wadda duk sassanta haihuwar shekara ɗaya ne.

Duk da haka, in aka ajiye mini motoci masu lafiya ɗaya aka ce in zaɓa, zan ɗauki salun haɗin Kaduna ta tsakanin 1978 da 1983, mai injin fetur 2.0 da kafireto, giya a ƙasa.

Dalilina na farko shi ne lokacin da aka yi ta. A waɗannan shekaru motar ta riga ta yi shekara goma a duniya, an gano matsalolinta na farko an gyara. Ta kuma gwada kanta a ƙasar Afirka: ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6 ya sake cinye ta a 1978. Ma'aikatan Kakuri su ma hannunsu ya faɗa. Naira a lokacin ta fi dala daraja, kaya kuma suna zuwa daga Faransa, har ta jirgin sama ake kwaso su daga Lyon zuwa Kano sannan a kawo Kaduna. Daga 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta fara tsuke bakin aljihu da taƙaita shigo da kaya, a 1986 kuma aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta faɗi. Kanikawan da suka ga zamanin biyu sukan ce ƙarfen jiki da kayan cikin motocin farko sun fi na baya ƙwari, kuma abin da na gani da idona bai saɓa wa maganarsu ba.

Dalili na biyu ya fi na farko muhimmanci, wato su wa suka saye ta. Bayan 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'ai, ma'aikata da yawa kuma suka mallake ta da rancen mota. Kaduna garin ma'aikata ne tun tana hedkwatar Jihar Arewa. Shi ya sa har yanzu, a tsofaffin gidajen Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, akan tarar da irinta a ƙarƙashin rumfa, ta wani dattijo da bai wuce ofis da masallacin Juma'a da zuwa gida ranar sallah da ita ba. Irin wannan motar, ko ta shekara arba'in, ta fi ta 2003 da ta yi shekara goma tana jigilar fasinja daga tashar Kawo zuwa Kano sau biyu a rana.

To, na ƙarshen fa, waɗanda aka sa wa suna Bestline? Ba na hana ka. In mota kake so ta kai yara makaranta kullum, ba ta marmari ba, za ta iya fi maka, don wayoyinta da robobinta ba su tsufa kamar na farko ba. Sai dai da yawansu hukumomi ne suka saye, direbobi daban-daban suka yi ta karɓa-karɓa, daga baya aka yi gwanjonsu suka faɗa tasha. Sai ka bincika tarihinta sosai.

Akwai waɗanda zan ce ka bar wa masu kuɗi da haƙuri. Ta farko ita ce mai sitiyari a dama. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka irin wannan ko dai ta riga wancan sauyi, ko kuma daga wata ƙasa aka shigo da ita. Abar ajiya ce, amma wuce tirela da ita a hanyar Zariya ganganci ne. Ta biyu ita ce mai alamar TI, wadda ba ta da kafireto, famfon Kugelfischer ne ke fesa mata mai. Tana da gudu, amma ranar da famfon ya ƙi, mai gyara shi sai an tona. Ta uku ita ce mai ƙofa biyu, zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, wadda ta fito a 1969. Ita ce ta fi kusa da abin da Amurkawa ke kira motar tsere, kuma ita ce mafi kyau a idona. Amma gilashinta da fitilunta da ƙofofinta ba sa shiga na salun, ba a kuma haɗa ta a Kakuri ba. Yaro ya jefe ta da dutse, ka shiga neman gilashi a Faransa.

Wagon da a-kori-kura kuwa motocin aiki ne tun asali. Kusan duk wadda za ka gani ta ɗauki buhunan masara fiye da ƙima. In dole sai wagon, nemi wadda ta zauna a hannun iyali ɗaya.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, wato dubawa. Ba a cinikin biri a sama. Kada ka yarda da hoton waya, kada ka je da magariba, kada ka je da bakaniken mai mota ko na dillali. Ɗauki naka, ka biya shi kuɗin yininsa, ka faɗa masa tun a hanya cewa ba shi da la'ada ko an saya ko ba a saya ba.

Fara da jiki, ba inji ba. Injin 504 ana sake shi a sati ɗaya, amma bodin da tsatsa ta cinye ba ya dawowa. Daminar Kaduna tana da tsawo, ruwa kuma yana bin tsohuwar robar gilashin gaba ya kwanta a ƙasan ƙafar direba. Ɗaga tabarmar roba da abin da ke ƙarƙashinta, ka danna ƙarfen da bakin sukuddireba. In ya lotsa, ko ka ji yana ɓarɓashi, ko ka ga tabon walda an shafe da baƙin fenti, ka san inda aka kwana. Ka duba ƙasan but, da gindin ƙofofi, da wuraren da ake sa jak, da saman shokozoba na gaba a cikin bonet. Ka zo da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, fila ce aka cika aka fesa fenti. Ka tambaya ko ta taɓa zama a Legas ko Fatakwal, don iskar teku tana cin ƙarfe. Wadda ta fito daga Sakkwato ko Katsina takan zo da ƙarfe lafiyayye, sai dai rana ta farfasa dashbod da kujeru, wannan kuwa mai sauƙi ne.

Sannan inji. Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka kuma taɓa shi da hannu ka tabbatar da sanyi yake. Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani kumfa fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai. Kan injin nan na alminiyam ne, kuma in ya taɓa yin zafi ƙwarai yakan lanƙwashe. Buɗe lagireto tun yana da sanyi, a tayar, ka sa ido: kumfa na tasowa ba tsayawa alamar gasket ne. Ka koma baya ka kalli salansa lokacin da aka taka totur. Hayaƙi shuɗi na nufin ringi ya tafi, baƙi kuma yawanci kafireto ne, gyaransa ba wuya. Ka tabbatar ko injin 1.8 ne ko 2.0, don duka biyun suna nan, kuma a ido suna kama.

Gwajin hanya iri biyu za ka yi. Ka shiga cunkoson titin Ahmadu Bello da tsakar rana, kana kallon allurar zafi. Daga nan ka haye gadar Kawo ka miƙe hanyar Zariya, ka saurari ƙarƙashinta. Farfelar 504 a cikin bututu take tafiya, in ta fara kuka ko rawa za ka ji a kujera. Ka saki totur a kowace giya ka ga ko za ta fice da kanta. Ka taka birki da ƙarfi inda ba kowa, ka ga ko za ta ja gefe ɗaya.

Takardu su ne za su gaya maka shekara, amma su ma sai an haɗa da ido. Lambar shasi da ke jikin motar dole ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi. Shekarar da ke kan lasin ba hujja ba ce, domin wani lokaci shekarar sake rajista ce aka rubuta. Rasidin saye na asali ya fi komai. In haɗin waje ce, wadda ta shigo ta Maraɗi ko Kwatano, sai ka ga takardar kwastan. In motar gado ce, kuma yawancin masu kyau na gado ne, kada ka biya ɗa ɗaya a bakin ƙofa. Ka nemi a tara magada ko wakilinsu, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu. Ka kuma gaisa da iyalin da mutunci. Motar babansu ce, wata uwar ma ba ta so a fitar da ita.

Game da kuɗi, kada ka zuba duk abin da ke hannunka a saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku don gyaran farko: tayoyi, duk robobin birki da na fetur, wanke tanki da lagireto, batir, da yinin rewaya. Motar da ta daɗe a ajiye wayoyinta sun bushe, gobara kuma daga nan take farawa, don haka sayi abin kashe wuta tun ranar farko. Kafin ka biya, ka zaga kasuwar Panteka da shagunan kayan Fijo ka tambayi farashin fitilun gaba, da gilashi, da kafireto na asali. Kayan inji suna nan, amma kayan ado na ainihi sun fara wuya, kuma sabbin da ake kawowa ba duka ke da inganci ba. Tsohon na asali da aka ciro daga wata motar sau da yawa ya fi su.

Saura maganar mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk mai tsohuwar mota ya ji a jikinsa, kuma 504 ba ta san tsimi irin na ƙananan motocin Japan ba. Kafin ka yanke shawara, ka cika tankin, ka yi tafiyar da ka san nisanta, ka sake cikawa, ka yi lissafin lita nawa ta sha. In ta zarce ƙima, a fara da daidaita kafireto da sauya fulogi da kontak kafin a taɓa wani abu. In kuma kana tunanin sa mata tukunyar gas ta CNG, ka kai ta cibiyar da hukuma ta amince da ita, ka sa a duba ƙasan but tukuna, don tukunyar tana da nauyi kuma a kan wannan ƙarfen za ta zauna.